Idon Baba Tanimu

Tun da yana ta rufe wa Baba Tanimu ido
ni nake duba masa ƙarfe.
Rumfarmu tana bayan masu kifi, a Yalwa ta Garwa,
inda hayaƙin gawayi da ƙarnin tarwaɗa
suka daɗe da yin sulhu.

Ran Laraba Gambo ɗan gwangwan ya zo
da falle biyu ɗaure da roba,
ya rantse duka daga cikin tirela ya ciro su,
jaka uku na sefa, ba ragi.
Na goge su da yashi, dukansu suka yi haske.
Na ɗauko mayen ƙarfe na manna,
wannan ya kama, wancan ma ya kama.
Na ce, Baba, ai uwarsu ɗaya.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, yaro, yaushe maye ya fara zaɓe?
Kai su dutse.

Dutsen washinmu ƙafa ke juya shi,
tsohuwar sarƙar keke, feda ɗaya ta karye.
Na taka, na taka, na ɗora na farko.
Baba ya ce, faɗa mini.
Na ce, suna da yawa, farare, dogaye,
kowanne sai ya yi nisa
sannan ya fashe ya haifi 'ya'ya.
Ya ce, wannan namu ne.
Zai sha wuta, zai sha mai,
zai riƙe kaifi yadda Gambo ke riƙe mai bashinsa.
Amma ka bar shi da raɓa dare ɗaya
ka ga ya wayi gari da ja kamar bakin mai goro.

Na ɗora na biyu.
Baba ya ce, to?
Na ce, 'yan tsiraru ne, jajaye, gajeru,
suna fita a miƙe
suna mutuwa ba magaji.
Ya ce, farin ƙarfe ke nan,
wanda masu Faransanci ke kira inos.
Ruwa ba ya cinsa, gishiri ya gaji da shi.
Sai dai bai san zugazuginmu ba.
Na taɓa kwana uku ina lallashin irinsa,
ya tsage mini a ƙarƙashin masaba
kamar ƙasan fadama a watan bazara.

Gambo ya ce sharri ne, makaho da yaro sun haɗa baki.
Baba bai tanka ba.
Ya laluba aljihu, ya fasa lemon tsami da haƙori,
ya matsa wa kowanne rabonsa,
ya ce mu je mu yi la'asar.
Da muka dawo, ɗaya ya yi tabo baƙi-baƙi
inda ruwan ya kwanta,
ɗayan kuwa ko a jikinsa.
Baba bai jira na faɗa ba wannan karon,
ya kai su hanci ɗaya bayan ɗaya,
ya miƙa wa Gambo farin.
Jaka uku ta koma ɗaya da rabi.

Farin ma bai yi kwantai ba.
Dudu mai kifi, da hannunta ba ya bushewa,
ta saye shi, na yanka na wasa mata ba tare da wuta ba.
Baƙin ya zama wuƙa huɗu.
Barau mahauci ya ɗauki biyu,
yana shafa musu kitse kafin ya mayar kube.

Da magariba ina tattara awartaki,
Baba ya ce, guntun baƙin nan da ya rage fa?
Na ce ga shi.
Ya ce, taka dutsen.
Na ce, ai mun riga mun san shi.
Ya jawo kujerarsa har gemunsa ya kusa ƙonewa,
ya ce, na sani. Taka dai.
Wannan kaɗai nake gani yanzu.